Sakin da Aka Yi wa Milunka a Ostiriya

Sanyin da aka tashi da shi a Dubovats ran nan, ko kare bai yarda ya leƙo daga ƙarƙashin rumbun masara ba, amma Milunka tana tsakar gida durƙushe cikin dusar ƙanƙara, tana tsintar 'yan komatsanta ɗaya bayan ɗaya, yatsunta sun ƙage sun yi jawur. Ga ɗankwalinta can ya maƙale a shinge, ga tukunyar waken da ta ɗora ta kife a bakin rijiya, ga baƙar rigar da take makokin surukarta da ita kwance cikin laka... Wayyo duniya! Ko sadakar arba'in ɗin tsohuwar ba a daɗe da watsewa ba. A bakin ƙofar ɗan ɗakin girkin da Milunka ta yi rabin rayuwarta a ciki kuwa, Zagorka ce tsaye, yayar mijinta, ta sha rigar sanyi mai gashi irin ta 'yan ci-rani, tana jujjuya sabon kwaɗo a hannu.

"Yaya, don girman Allah me na yi? In laifi na yi ki faɗa mini in ba da haƙuri..."

"Wace ce yayarki? Ki nemi yayarki a inda kika baro ta! Ke da gidan nan kuma sai dai hange daga titi. An sake ki, baiwar Allah, ko sai na rubuta miki a goshi?"

Milunka ta ɗago kai, ta yi zuru kamar ba da ita ake ba. "Saki? Wa ya sake ni?"

"Ji ta! Mazan naki nawa ne? Dragisha mana! Shekara uku ke nan, a kotun Ostiriya, da alƙali da hatimi da komai. Mutanen can ba sa jan magana irin namu."

"Shekara uku... Yaya, ai ko watan Agustan da ya wuce ya zo. Ni na wanke masa riguna, ni na gasa masa barkono na cika kwalabe ya tafi da su, har ya ce in kula da Inna da kyau..."

"To sannu da aiki. 'Yar aiki ma ai tana wanki."

Ta datse ƙofar, ta jefa mukulli a jaka, ta tsallake tukunyar waken ta fice. Nan fa Milunka ta ɗora hannu a ka ta fashe da wani irin kuka mai tsuma zuciya, tana kiran uwar da ba ta taɓa sanin fuskarta ba.

Marainiya ce. A hannun wani kawunta ta tashi a can bayan duwatsu, cikin aikin wahala da gori, kuma ranar da Dragisha ya aure ta wandonsa ɗaya ne tak a duniya. Tare suka yi noman masara, tare suka kafa garkar inabi. Ciki ɗaya Allah ya ba ta, shi ma ya zube ranar da take ɗaukar bulo ana kafa harsashin gida, daga nan haihuwa ba ta sake waiwayarta ba, Zagorka kuwa ta samu sunan kiranta: juya. Da Dragisha ya tafi Ostiriya aikin filasta sai abin ya karɓe shi, har ya zama mai ɗaukar ma'aikata. Kowane Agusta sai ya dawo a doguwar mota, ya ƙara hawa ɗaya a kan gida, ya dasa zakunan siminti a bakin ƙofa, ya yanka alade a ci a sha, sannan ya kulle ƙaton gidan ya koma, ya bar matarsa da uwarsa Stamena a ɗan ɗakin girki na tsakar gida, kamar dai yadda rabin garinmu ke yi. Sai ɓarin jikin tsohuwar ya shanye. Shekara bakwai tana kwance, Milunka ce juyata, ita ce wankinta, ita ce ba ta abinci a baki da cokali, har ta cika a kan cinyarta tana sa mata albarka. Ashe duk tsawon shekaru ukun ƙarshe ɗan nata ya riga ya yi wani auren a can, da wata bazawara mai gidajen haya wadda ita ma ba ta san dawan garin ba! Ya yi shiru ne kawai domin ina zai samo mai jinya ta kyauta? Yanzu da tsohuwa ta kwanta dama, gida da garka yake so ya sayar, ita kuwa Milunka ta san inda dare ya yi mata.

Wata tsohuwar maƙwabciya mai suna Persida, aminiyar marigayiya, ita ta zo ta kama hannunta ta shigar da ita ɗakinta, ta dafa mata gahawa. Ba a yi mako ba sai ga sammaci daga babbar kotun birni, wai Dragisha yana neman a amince da sakin nan a ƙasarmu. Persida ta ɗaure mata burodi da cuku a tsumma ta ce, "Tashi ki shiga birni, 'yar nan. Akwai wata jikar ƙanwata, sunanta Biserka, lauya ce. Yarinya ce, amma bakinta ya fi reza."

Biserka ta daɗe tana karanta takardun, fuskarta tana sauyawa, kafin ta ajiye su ta dubi matar da ke rakuɓe a bakin kujera.

"Gwaggo, kin san abin da ya gaya wa alƙalin can?"

"Ina zan sani, 'yata? Ni ko Ostiriyar ban san ta ina ake shiga ba."

"Ya rantse cewa kin gudu da wani direban babbar mota kun haye kogin Danub, shekara da shekaru bai sa ki a ido ba, bai san inda kike ba. Yayarsa ta rantse ta goya masa baya. Shi ya sa ba a aiko miki da sammaci ba, aka manna sunanki a allon kotu, da ba ki zo ba aka raba auren."

Milunka ta dafe ƙirji. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige! Ita da ko kasuwar birni ba ta zuwa sai ta roƙi wata ta zauna da Inna, ita ce ta bi direba? Hawaye suka ɓalle mata shaɓe-shaɓe. "Wayyo Allah na... Korar ba ta ishe su ba sai sun haɗa mini da sunan karuwa? Inna, kina ji kuwa? Kina jin abin da 'ya'yanki suka ce?"

Biserka ta zagayo ta riƙe kafaɗarta. "Share hawayenki ki saurare ni. Sakin wata ƙasa ba ya cin kowa a nan sai kotunmu ta amince da shi. Kotunmu kuwa ba za ta amince ba idan muka nuna ya san inda kike ya ɓoye, aka yanke miki hukunci ba a kira ki ba. In muka yi nasara, ke matarsa ce har gobe, babu mai fitar da ke daga gidan nan. In muka faɗi, sai dai haƙuri. Shaidu nake so, Gwaggo. Ai duk Dubovats sun san kina nan, ko ba haka ba?"

"Sun sani mana! Har kajin garin sun sani."

Kayya, Milunka ba ta san mutane ba! Dubovats gari ne na tsofaffi, kuma da wuya ka sami gidan da babu ɗa ko jika da ke cin abinci a ƙarƙashin Dragisha a Ostiriya. Baki in ya ci, ido ya kan ji kunya. Zagorka ta bi gida-gida da fakitin gahawa da cakulan, tana murmushi tana tambayar lafiyar yara a can, ko aikin yana tafiya daidai, ko takardunsu na zama sun kusa ƙarewa... Ba ta ƙara komai a kai ba, kowa ya gane karatun. Duk ƙofar da Milunka ta ƙwanƙwasa, sai a ce maigidan ba ya jin daɗi, ko a ce ido ya yi rauni, ko a ce tsufa ya cinye tunani. Matan da ta yi wa wankan gawar iyayensu suka riƙa sauya hanya in sun hango ta. Persida kanta, da ɗanta Slavisha ke aiki a wurin Dragisha, ta zauna ta yi kuka ta ce, "Ki yafe mini, 'yar nan. Yaransa uku, in aka kore shi ina za su? Ɗakina naki ne, amma kotu kam ƙafata ba za ta iya ba."

Ranar shari'a Dragisha ya zo cikin kwat mai tsada, tumbi a gaba, zoben zinariya a yatsa, ya wuce ta gabanta ko kallo ba ta ishe shi ba. Ita kuwa don wauta irin ta mai haƙuri har ta miƙe za ta gaishe shi! Ya tsaya gaban alƙali ya karkace baki ya ce matar nan ta daɗe da guduwa, sai da ta ji uwarsa na gargara ta lallaɓo ta dawo don ta ci gado. Zagorka ta matse ido ta ce ita ta yi jinyar uwarta da hannunta, har bayanta ya lalace. Wasu mutum biyu daga ma'aikatansa suka rantse a kan haka. Da aka duba katin shaidar Milunka kuma sai aka ga har yanzu adireshin gidan kawunta ne a jiki, gidan da ya daɗe da rushewa, domin babu wanda ya taɓa kai ta ofis a sauya.

Alƙalin, wani dattijo mai furfura, ya dube ta ta saman tabarau. "Baiwar Allah, kina da mai shaidarki?"

"Ranka ya daɗe... Allah ne shaidata. Sai Inna, ita kuwa tana ƙasa."

Wani ya yi dariya a baya. Alƙali ya buga tebur, ya ce ya ɗaga zama zuwa bayan bikin Ista, in ba a kawo hujja ba zai yi abin da doka ta ce. A bakin matakala Milunka ta sha gaban mijinta. "Maigida, dube ni. Ni ce fa Milunka. Ko ba don ni ba, don nonon da ka sha... da wane direba na gudu?"

Ya kau da kai ya gyara wuyan kwat. "Malama, ki yi magana da lauyana."

Masifa kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Da suka koma gari Zagorka ta aika wa Persida cewa ko ta fitar da matar nan daga ɗakinta, ko Slavisha ya dawo gida da jakarsa. Milunka ba ta jira an ce mata komai ba, ta ɗauki ƙunshinta ta hau tudu, ta tare a wata tsohuwar bukkar ajiye ruwan inabi da mai ita ya mutu, rufinta na yoyo, iska na shiga ta ko'ina. Nan tari ya kama ta, ta rame ta zama kamar kara. Persida ce ke satar jiki ta ajiye mata miyar kabeji a bakin ƙofa ta gudu. Kullum Milunka sai ta durƙusa ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ya Ubangiji, kai ka san ban taka ko'ina ba. Ban roƙe ka gidan bene ba, ban roƙe ka zinariya ba. Ka wanke mini sunana kawai, ka mayar da ni ɗakina in mutu a ciki..."

Aka zo Asabar ɗin matattu, ranar da kowa ke kai wa nasa dafaffiyar alkama da kyandir a maƙabarta. Milunka ta bari sai da jama'a suka watse, don kada a sauya hanya saboda ita, sannan ta ja jiki ta je kabarin surukarta da ɗan burodinta. A ranar ne Biserka ta shigo gari neman ko mutum ɗaya da zai buɗe baki, ta sha rufin ƙofa har ta gaji, da ta tambayi inda Milunka take aka ce mata ta duba maƙabarta. Ta same ta zaune a gefen kabari tana share dutsen da gefen ɗankwali, tana hira da tsohuwar kamar tana ji.

Maƙabartarmu kuwa kowa ya san halinta. Tun da kuɗin ci-rani suka shigo, mutum ba ya jiran mutuwa kafin ya kafa dutsensa, da ransa yake sa a zana hotonsa a rubuta sunansa da shekarar haihuwa, a bar gurbin ɗaya shekarar, kuma kowa so yake nasa ya fi na maƙwabci tsayi. Biserka ta saba ganin haka tun tana yarinya, har za ta zauna, sai idonta ya faɗa kan baƙin dutsen mai sheƙi da ya fi mutum tsawo. Fuska huɗu ne a jiki: tsoho da tsohuwa a sama, a ƙasansu Dragisha ya dafa kafaɗar wata mace mai ɗankwali, an rubuta, Milunka, matarsa.

"Gwaggo, yaushe aka kafa dutsen nan?"

"Wannan? Ai Inna ce ta matsa, ta ce ba za ta mutu ba sai ta ga dutsenta, ga shi kuma na gidan su Persida ya fi na kowa a lokacin, abin ya tsaya wa Maigida a rai. Ya kawo mai hoto har tsakar gida ya ce in sa ɗankwalina mai kyau. Ranar da Fada, limamin cocinmu, ya sa wa dutsen albarka, a kujera muka ɗauko Inna, aka yanka raguna biyu... Ga shekarar nan a ƙasa inda ya sa sunansa, wai don a san shi ya biya."

Biserka ta durƙusa ta kawar da busassun furanni. Ga abin da aka rubuta: Dragisha ne ya kafa wa iyayensa da kansa da matarsa, Agusta, ga shekara ɓaro-ɓaro. Ta miƙe tsaye zumbur. "Gwaggo! A watan Mayun shekarar nan ya rantse bai san inda kike ba, a watan Oktoba ya sake rantsewa aka raba auren. A tsakani ya zo ya dafa kafaɗarki a tsakar gidansa, ya sa aka sassaƙa a dutse!"

Milunka ta dube ta ba ta gane ba. "To ai dole ya sa ni, 'yata. Namiji ya kafa dutse gefensa babu mace, me gari zai ce? Inna ma ai da ta tambaya."

Biserka ta rungume ta tana dariya tana hawaye. Washegari ta shigar da buƙata cewa kotu ta fito da kanta ta ga dutsen, alƙali kuwa ya amince ya sa rana.

Labari ya isa Ostiriya, Dragisha ya kamo hanya ba ko tsayawa. Shi a tunaninsa dutsen kabari abin ado ne kamar zakunan ƙofarsa, bai taɓa kawowa a ransa cewa zai yi magana ba. Da safiyar ranar da kotu za ta zo, rana ta ɗan ɗaga, Milunka ta nufi maƙabarta da gahawar da ake kai wa mamaci har shekara ta zagayo. Tun daga ƙofa ta ji ƙara, ƙwal! ƙwal! Ta saki kofin ta ruga. Ga Dragisha ya tuɓe kwat, ya taka kan kabarin da takalmi, guduma a hannu yana dukan hotonta, Zagorka na gefe tana leƙen hanya tana cewa, "Yi sauri mana! Shekarar za ka fara fasawa, sakarai, shekarar!"

"Maigida! Kan Inna kake tsaye! Don Allah sauka, kan Inna kake tsaye!"

Ta faɗa kan dutsen ta rungume shi. Gudumar da ya riga ya ɗaga ta sauka a bayan hannunta ta zame ta daki dutsen, sai ji kake ƙas! Tsaga ta tashi daga ƙasa ta haura sama, ta raba fuskar tsohuwa Stamena gida biyu. Milunka ta sulale ƙasa jini na zuba, amma ba hannun take kallo ba, fuskar surukarta take shafawa da ɗaya hannun tana cewa, "Yi haƙuri Inna... yi haƙuri, bai sani ba ne..."

Tsofaffin matan da suka zo kunna kyandir a kaburburan nasu suka taso daga ko'ina, baƙaƙen ɗankwalaye suka kewaye wurin. A garinmu za a iya yafe wa mutum sata, a yafe masa ƙarya, amma ɗan da ya hau kabarin uwarsa da takalmi ya fasa mata fuska? Ba a taɓa ji ba! Ana cikin haka motar kotu ta tsaya a bakin ƙofa, alƙali ya shigo da magatakarda da Biserka, ya tarar da mai ƙara riƙe da guduma, wadda ake ƙara kwance cikin jini. Sunan nan da shekarar nan kuwa suna nan daram, ko ƙwarzane babu.

Persida ce ta fara motsi. Ta dogara sandarta ta zo gaban alƙali. "Ranka ya daɗe, rubuta sunana. Persida, matar marigayi Yovan. Na yi shiru saboda cikin jikokina, Allah ya yafe mini. Yarinyar nan ko kwana ɗaya ba ta taɓa yi a wajen garin nan ba! Ita ta yi jinyar Stamena, waccan mai rigar gashin kuwa in ta zo toshe hanci take yi a bakin ƙofa. Ranar da aka ɗauki hoton nan ina tsaye, ni na gyara mata ɗankwali!" Ta juya ta nuna Dragisha da sanda. "Kai kuma ka kori Slavisha yau ɗin nan in ka haifu! Ya dawo mu ci masara. Tir da kai, ɗan da ya daki uwarsa a kabari!"

"Ni ma rubuta ni!" in ji wata daga baya. "Ni na dafa naman ranar!"

"Da ni! Da bakinsa ya ce mini, ga ni ga uwargida har a lahira!"

Kafin ka ce kwabo magatakarda ya rasa wadda zai fara rubutawa. Zagorka ta lallaɓa za ta sulale, matan suka tare hanya, sai ta fashe da ihu tana nuna ƙaninta. "Shi ya sa ni! Ya ce zai ba ni rabin kuɗin garka! Ni ban san komai ba!" Dragisha ya saki guduma, gumi na karyo masa cikin sanyin nan. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Alƙali bai ja dogon zama ba. Ranar hukunci kotu ta cika maƙil da tsofaffin Dubovats, ya karanta cewa an raba auren nan ne a bayan idon matar, da rantsuwar ƙarya, alhali mijin ya san ƙofar ɗakin da take kwana, saboda haka sakin Ostiriya ba shi da wurin zama a ƙasar nan, Milunka matar aure ce, a buɗe mata gidanta yau. Ya kuma sa a miƙa maganar rantsuwar da ta raunin hannunta ga masu gabatar da ƙara. Milunka ta zube a ƙasa da hannunta a naɗe, tana kuka tana godiya ga Allah, matan da suka guje ta jiya suna kuka tare da ita suna neman gafara, ita kuwa duk wadda ta matso sai ta ce, "Babu komai, Gwaggo, ya wuce..."

Alhaki kuwa kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Da labari ya isa can, bazawarar ta gane auren da aka ɗaura da ita a kan ƙarya yake, ta watso masa kaya waje, ta janye kuɗinta daga aikinsa, kotun can ma ta shiga nemansa. Slavisha da sauran samarin suka koma wurin wani mai aikin, babu wanda ya rasa abincinsa. Dragisha ya dawo ba mota ba zobe, ya rakuɓe a ɗakin baya na gidan Zagorka, kullum ana jiyo su suna zagin juna a kan wa ya jawo, in sun fito kuwa ko gaisuwarsu ba a amsawa.

Hannun Milunka ya warke amma yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Da kaka ta yi, bayan an tsinke inabi, ta shirya ta shiga birni wurin Biserka, ta zauna a kujera sosai, ta ce yanzu ita ce take son a raba auren, a nan, a kotun garinsu, da rana tsaka, a ba ta abin da guminta ya gina. Biserka ta kai ta wurin magatakarda, ya ɗauki alƙalami yana tambaya yana rubutawa, har ya zo kan tambayar da ake yi wa kowa.

"Inna, kin san inda mijin naki yake zaune, ko sai an yi cigiya?"

Hawaye suka cika wa Milunka ido, sai kuma ta yi wani ɗan murmushi.

"Na sani, ɗana. Gidan yayarsa, ɗakin baya, kusa da turken aladu. A kai masa sammacin hannu da hannu, a kira sunansa da ƙarfi ya ji, ya zo ya tsaya ya faɗi nasa. In mai kaiwar bai san hanya ba, ni zan raka shi."